Yadda Maharazu Ya Gina wa Ƙuduji Ɗaki

A Illela, in hira ta mutu, sai wani ya ɗauko labarin Maharazu, a yi ta ƙyaƙyata dariya, wannan ya rage, wancan ya ƙara gishiri. Ni ban ga abin dariya a ciki ba, kuma na gaji da jin ana karkata shi. Ga yadda aka yi, ba ragi ba ƙari.

A farkon mulkin Nasara ne, ba a daɗe da kafa turakun iyaka tsakanin Illela ta Ingilishi da Ƙonni ta Faransi ba. Ana shirin girbi Maharazu ya sulale ya tafi Sakkwato, don shi da aikin gona ba su taɓa shiri ba. Can ya samu aikin ban ruwa a lambun wani Bature a bariki. Bai kai ƙarshen rani ba aka sallame shi, saboda surutu ya fi ba shuke-shuken, ba ruwa ba. Ya dawo gida da tsohuwar malfar Nasara wadda gara ta cinye gefenta, da tulin kwalaben da ya tsinto a jujin bariki, da abubuwa biyu da idonsa ya gani kansa ya kasa ɗauka.

Na farko, matar Baturen tana da ɗan ɗaki na gilashi inda take renon furanni a tukwane, tana lallaɓa su kamar jarirai. Na biyu, wata rana yana biye da ita riƙe da laima, sai ta tsaya bakin wata gona da ƙuduji ya gama da ita, ta tsinki reshe ɗaya ta soka a malfarta, ta yi wata magana ta hanci tana murmushi.

Wanda bai san ƙuduji ba, wanda wasu ke kira wuta-wuta, to bai taɓa noman gero ba. Tsiro ne mai kyan fure, ja-ja shuɗi-shuɗi, yana kama saiwar hatsi ya tsotse shi tun a ƙarƙashin ƙasa. Irinsa kuwa ya fi gari laushi, in ya zuba a gona har jikoki sai sun gaisa da shi. Amma Maharazu ga abin da ya tsinta a ciki: abin da talaka ke tumɓukewa yana tsinuwa, shi Nasara ke sokawa a ka. Ke nan duk manoman ƙasar nan wawaye ne, shi kaɗai aka buɗe wa ido.

Gona dai ba shi da ita. Sai ya nufi Halliru, mijin yayarsa Raliya. Gonar Halliru tana arewacin gari, da rijiya a ƙuryarta, kuma ita ce gona ɗaya a wannan gefen da ƙuduji bai taɓa samun wurin zama ba, don tun zamanin ubansa da hannu ake bin ta ana cire shi kafin ya yi fure. Da ita gidan ke ci daga kaka zuwa kaka.

"Yaya Halliru, aron ƙuryar gonarka nike so, wajen rijiya. Hure za ni nomawa."

"Huren mi?"

"Hure dai. Irin na Nasara."

"Na jiya. In ya yi hure, sai ya haihi mi?"

"Ba ya haihuwar komi."

"Ganyen aka ci?"

"A'a."

"Magani na?"

"Kallonai aka yi, Yaya."

Halliru ya ɗaga kai ya dubi sama. "To ba ga taurari ba? Kowa na kallonsu, ba wanda ka ba su ruwa."

"Kai ba ka san Nasara ba, ni na zauna da su," in ji Maharazu, yana gyara malfa. "Ga matar kumandan nan Ƙonni, tahiyar hantsi. In tag ga kayana, da kanta za ta aiko da doki a ɗauke ni. Rannan in na wuce ka bisa hanya, kak ka ji kunyar gaishe ni."

Bai taɓa ganin matar kumandan, wato Baturen Faransi mai mulkin Ƙonni, ba, kuma bai faɗi sunan furen ba. Raliya ce ta sa baki, wai autansu ne, a bar shi ya gwada ko Allah ya sa ya zama mutum. Halliru ya ba da ƙuryar, ya ce iyakarsa rijiya.

Iri ba ya wuya. A ƙauyen Garu akwai gonar da ƙuduji ya kori mai ita, Maharazu ya je da kwando ya ce ƙasar gini yake so. Tsohon mai gonar ya dube shi, ya dubi kwandon.

"Ƙasar wagga gona kake so? Ɗebi, ɗana. Ɗebi dut. In ka dawo gobe har hura za ni ba ka."

Mutanen Garu suka taru suna taya shi ɗora kaya, suna sa masa albarka. Ya kamo hanya yana dariya a ransa, wai ya cuci ƙauyawa.

Gilashi kuwa babu shi a Illela, sai kwalabe. Ya kwaɓa ƙasa ya ta da bango, ya jera kwalaben a ciki bakinsu na kallon waje, ya ɗaure sauran da kaba a jikin itatuwan rufi, ya rataya asabari a ƙofa. Ranar da ya gama iska ta taso. Kowace kwalba ta kama kuka da irin muryarta, wata kamar mujiya, wata kamar tsohuwar da aka yi wa mutuwa. Matan da suka zo ɗibar ruwa suka zubar da tuluna suka shigo gari da salati.

Liman, Malam Hamidu, ya zo da kansa. Ya zagaya ginin, ya sunkuya ya shinshina bakin wata koriyar kwalba, ya miƙe yana goge hanci da gefen rawani.

"Maharazu, mi ad da cikin kwalaben ga?"

"Maganin Nasara na, Allah gafarta Malam."

"Na wane ciwo?"

"Na kewar gida. In sun sha sai su yi ta waƙa."

"Barasa dai. Ɗakin barasa kag gina muna bakin rijiyar da muka alwala da ita."

Liman ya yanke cewa a wanke kowace kwalba, a kuma toshe bakinta. Kwalaben kuwa suna cikin bango. Maharazu ya yi ta ɗura musu ruwa yana zuƙewa da kara, har bangon gabas ya jiƙe ya kwanta a kansa. Da aka zaro shi, cewa ya yi dama yana da niyyar sake wannan gefen. Ya sake ginawa, ya liƙe bakin kowace kwalba da laka. Kuka ya ƙare, iska ma ta ƙare.

Ya jera tukwane ya cika su da ƙasar Garu, ya kafa doka: ba mai shiga, don numfashin mai cin daddawa yana kashe furen Nasara.

"Kai da mi anka yaye ka?" in ji Raliya. "Da madarar kumandan?"

Ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Ƙasa ta sha, ta yi shiru. Ya ƙara ruwa har guga ya fara kankaro yashi a rijiyar Halliru. Ya tuna matar Baturen takan yi wa tukwanenta magana, shi ma ya duƙa ya toshe hanci ɗaya yana yi musu gwalangwalan. Masu wucewa suka riƙa tsayawa bayan bango suna saurare, wani ya ce ruƙiyya yake yi, wani ya ce shi ya kamata a yi wa.

Daga ƙarshe ya yarda, a zuci kawai, da abin da kowane manomi ya sani: ƙuduji ba ya fitowa sai ya ji saiwar hatsi kusa da shi. Ya faki idon Raliya ya zare zangarniyar iri daga wadda ta rataye don shukar bana, ya zuba a tukwane. Gero ya fito, ya miƙe neman iska, ganyensa ya leƙo ta tsakanin kwalaben rufi.

Nan fa gari ya samu abin yi. Masu zuwa rijiya suka riƙa yi masa barka.

"Ashe huren Nasara da hatsinmu uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Sannu Maharazu, ka gina ma gero soro. Saura ka yi mai aure."

"Jahilci dai ba kyau," in ji Maharazu. "Waɗanga dogarai na. Babban hure ba ya hita sai dogarai sun riga shi."

Bazara ta kai inda takan kai a Illela, inda kaza ke tafiya baki buɗe. Ɗakin kwalba ya koma tanda. Wata rana da tsakar rana wani makiyayi, Jaɓɓo, ya kawo shanu rijiya, sai ya hangi ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙarƙashin asabari ba sa motsi. Ya kama su ya ja, ya sheƙa wa mai su guga guda. Maharazu ya buɗe ido, ya laluba malfa ya kifa a ka.

"Wa yac ce ka tashe ni? Barcin rana na, irin na Nasara."

"Shi da kumfa ga baki aka yin shi?"

"Kai dai ka san na shanu."

"Na sani," in ji Jaɓɓo. "Ko maraƙi ba ya shiga nan."

Ruwa ya sauka, mutane suka yi shuka, hatsi ya tsiro har ya kai ƙwauri. A cikin ɗakin kwalba kuwa abin da Maharazu ke jira ya zo. Ƙuduji ya fito a gindin kowane gero, ya sha ruwan rijiya safe da yamma, abin da kakanninsa ba su taɓa samu ba, ya yi ƙiba ya yi tsawo ya buɗe fure. Maharazu ya so ya bari su cika sosai kafin kowa ya gani. Ya bari, har furannin ƙasa suka fara bushewa suna ɗaure 'ya'ya. Amma mai baki irin nasa ba ya iya riƙe abin alfahari. Ranar kasuwa ya tsinki reshe mafi kyau, ya soka a malfa daidai yadda ya ga an yi a Sakkwato, ya shigo yana taku ɗai-ɗai.

Kasuwa ta zuba masa ido daga rumfar mahauta har ta masu gishiri. Halliru yana zaune wajen maƙeri ana yi masa gyaran hauya. Ya miƙe a hankali.

"Maharazu. Mi na na bisa kanka?"

"Kayan da nike hwaɗa maka. Ka gani da idonka."

"Ina kas samo shi?"

"Ni nin noma shi."

"Ina?"

"Ina kuwa? Gonarka mana."

Halliru ya bar hauya a hannun maƙeri, ya fita da gudu, rabin kasuwa na biye da shi. Ya fizge asabari. Ga tukwane jere reras, geron ciki ya yi rawaya ya rankwafa, ga ƙuduji tsaye har gwiwa, irin wanda ba a taɓa gani ba ko a gonar da aka yi wa baki. Wani tsoho ya leƙa ya ce shekarunsa duka yana yaƙi da abin nan, bai taɓa zaton zai ga wanda ke yi masa hidima ba.

Halliru ya duƙa ya duba gindin furannin. Ya ɗago hannu.

"Kowa shi tsaya inda yake. Kak wanda yat taɓa, kak wanda yay yi atishawa. Ɗiyan sun nuna. A kawo kara da wuta."

Maharazu ya faɗa bakin ƙofa ya baje hannuwa. "Sai dai a ƙone da ni! Dukiyar matar kumandan za ku sa ma wuta? Kun san abin da ka biyo baya? Soja!"

"Gurgusa ko in haɗa da kai."

Raliya ta iso tana haki, ta durƙusa gaban mijinta. "Malam, ka dubi Allah. Wawa na, amma ɗan uwana na. Tunda ya ce Ƙonni za shi da su, bar shi shi kwashe tsiyatai shi tahi yau. Mi za ka yi da alhakinai?"

A nan Halliru ya yi kuskure ɗaya da ya yi a duk labarin nan, ya ji tausayi. Ya kawo jakinsa da mangala. Da hannunsa ya naɗe kowace tukunya da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauke ta kamar ƙwai ya sa a mangala, ya rufe da tabarma ya ɗaure.

"Tahi. Kak ka kwance sai ka ga bangon Ƙonni. Kak ka dawo min da ko ganye guda."

Maharazu bai yi nisa ba ya kwance. A ganinsa kayan da aka rufe ba ya jan mai saye. Ya yar da tabarma, ya warware tsummoki, ya gyara furannin suka yi tsaye a bayan jaki kamar amarya, ya kama hanya yana gaida mutanen da ba su gaishe shi ba. Manoman Illela suka biyo shi daga nesa da hauyoyinsu, ba don rakiya ba, don su tabbata ya fita.

Labari ya riga shi, don 'yan kasuwar Ƙonni da suka ga abin da idonsu sun koma gida da sauri. Da ya iso turken iyaka sai ya tarar da manoman can sun tare hanya, a gabansu ga dogarin kumandan da jar hula.

"Kai mai jakki, ina za ka da wanga bala'i?"

"Kayan Madan na. Kauce, kak ka jawo ma kanka ɗauri."

"Wace Madan?"

"Matar kumandan mana. Kai baƙo na gidan?"

Dogarin ya juya ya dubi mutanensa, ya juyo. "Kumandan ba shi da mata. Daga shi sai akunai."

Aka fashe da dariya ta gaba, ta baya ma aka amsa. Maharazu ya gyara malfa.

"To shi kumandan ba shi da ido? Ba shi son abu mai kyau?"

"Bulala gare shi. Kana son ganinta?"

"A kai ma akun, to. Tsuntsun Nasara ya san daraja."

"Taku ɗaya ka ƙetare turken ga, ka gani," in ji wani manomin Ƙonni, yana jijjiga hauya. "Mu da muka kwana cire shi, kai ka kawo muna shi bisa jakki da ado?"

Maharazu ya ce dama mutanen Faransi ba su san kaya ba, Sakkwato zai kai. Ya juya jaki. Sai ya ga hauyoyin Illela sun jeru.

"Ba ta nan ba."

"Garinmu na!"

"Kai ka iya wucewa. Surukanka na bisa jakki su tsaya."

Ga shi nan tsaye a tsakiya, gaba Faransi baya Ingilishi, ba mai son sa. Wani ya ce a ƙone kayan a nan. Na Ƙonni suka ce madalla, amma a ƙasar Ingilishi, tunda can aka haife shi. Na Illela suka ce ai kayan kumandan ne, mai shi ya faɗa da bakinsa, a ƙone a ƙasar kumandan. Gardama ta kaure, aka koma tonon wanda kakansa ya ci gonar wani. Rana tana dukan furannin, 'ya'yan suna ƙara bushewa, jaki yana sauya ƙafa.

Mai hankali da ya yi shiru. Maharazu sai ya ga taro ya samu. Ya hau tulin duwatsun da ke gindin turke, ya ɗaga tukunya ɗaya sama.

"Jama'a, ku saurara! Yau kuna dariya, gobe ku za ku zo roƙon iri. Wa ka hwara saye? Na hwarko ni ka yi mai ragi!"

Hogen farko daga Ƙonni ya zo, ya tafi da malfa. Na biyu daga Illela ne, ya kuskure Maharazu ya samu jaki a kunne.

Jakin ya yi haniniya irin tasa, ya juya kudu ya zura. Mutanen Illela da suka rantse ba zai wuce ba suka dare biyu, don ba mai son a ce a jikinsa abin ya zube. Jaki kuwa bai san Faransi ba bai san Ingilishi ba, gida ya sani. Ya bi hanya tiryan-tiryan, bai taka gonar kowa ba, sai da ya zo ta ubangidansa.

Halliru yana ƙurya, ya rushe ɗakin kwalba, ya share ƙasan ya tara ya sa wuta, har ya fara cewa alhamdu lillahi. Yana ɗago kai ya ga jakinsa ya shigo ta ɗaya gefen. Ya ratsa tsakiyar hatsi, tukwane na faɗuwa dama da hagu suna fashewa. Da ya kai cibiyar gonar ya tsaya, ya kwanta, ya yi birgima son ransa har mangala ta rabu da shi. Ya tashi ya girgije. Hadarin da ya wuni yana haɗuwa a gabas ya turo iskarsa, ta ɗauki abin da ya rage ta raba wa kowace kunya.

Halliru ya zauna a ƙasa.

Can sai ga Maharazu ya iso, ba malfa, ƙafa duk ƙaya, mutane na biye da shi. Ya tsaya ya ƙare wa gonar kallo, hannu a ƙugu, yana gyaɗa kai kamar wanda ya gama wani babban aiki.

"Yaya, kak ka damu. Ɗakin ma dama ya yi min kaɗan. Baɗi war haka, daga nan har rijiya hure na. Nasaran Sakkwato da ƙahwassu za su zo kallo." Ya juyo ya dubi Halliru. "Amma ka tuna, irin nawa na."

A wannan kaɗai ya yi gaskiya. Da baɗi ta zo gonar ta yi fure daga iyaka zuwa iyaka, hatsin ciki bai kai ƙugu ba. Gidan da bai taɓa auna tsaba a kasuwa ba ya koma cin na maƙwabta, daga baya Halliru ya je Gidan Katta ya sari daji da furfurarsa. Ba Bature ko ɗaya da ya zo. Maharazu kuwa, in ya yi baƙo, har bakin gonar yake kai shi ya nuna masa.

Halliru kakana ne. Raliya ta haifi ubana, saboda haka jikokin Maharazu 'yan uwana ne, kuma wannan bai rage komai ba. Daga ranar zuwa yau ba wanda ya tako daga gidansu ya ce a yi haƙuri. Ba hatsi nake nema ba, ba fili ba. So nake babbansu ya zo da ƙafarsa, da rana, gaban mutane, ya tuɓe babbar riga ya duƙa ya cire ƙudujin da hannunsa, kunya-kunya, yadda muke yi kowace damina. Kada ya ce bai san wurin ba. Bana ma ya yi fure, daga bakin titi ana hango shi.